Kawu Sabo da Baba Tsaya-Nan

Jiya da hantsi ina wanke-wanke, cokali ya bugi kofin silba, ƙwal! Na tsaya cak da kumfa a hannuna. Haka Kawu Sabo, ƙanen mahaifiyata, yake buga kofinsa kafin ya yi magana, ko da gaisuwa ce. Duk wanda ya yi aiki da shi a masaƙa a Sharada ya san wannan.

Mutumin da ke shanya ganyen shayin da aka riga aka dafa a igiya, don ya sake dafawa! Na ce, "Kawu, wannan ai ya mutu." Ya ce, "Suma ya yi, 'yar nan. Ruwan zafi zai farfaɗo da shi."

Amma abin da ya fito da shi Baba Tsaya-Nan ne, tsohon maigadin da yake kwaikwaya a tashen ma'aikata da azumi. Yakan zura ƙatuwar kwat, ya rataya usur, ya laluba aljihun kowa, har na liman. Yana cikin lalube sai barci ya kwashe shi a tsaye. Har daga Bompai da Challawa ake zuwa kallo.

Kowa ya san Malam Ilu yake yi, maigadin ƙofarsu, mutumin Damagaram. Wata shekara manaja ya tsaya ya kalla, ya yi dariya har da hawaye. Washegari ya sallami Malam Ilu, wai ashe barci yake a bakin aiki. Ma'aikata suka daina amsa gaisuwar Kawu. Ya je neman gafara, aka ce mutumin ya tashi daga unguwar. Kawu ya ninke kwat ɗin ya sa a ƙasan akwati. Ko a biki aka roƙe shi sai ya ce, "Baba Tsaya-Nan ya yi tafiya."

Sai da furfura ta cika masa kai, ga saƙo daga Na'ibawa: Malam Ilu na kwance, yana nemansa, kuma ya zo da kwat. Ni da 'yata Hafsa muka raka shi.

Tsohon ya dube shi daga kan tabarma. "Sabo, jikokin nan ba su taɓa ganina a tsaye ba. Tashi ka nuna musu."

"Malam, ku yafe mini tukuna."

"Yi aikinka, sarkin surutu! In ka yi ni daidai, na yafe."

Kawu ya zura kwat, ya busa usur. Ya bi yaran yana lalube, suna ƙyalƙyala dariya. Da ya zo wurin barcin sai ya tsallake. Malam Ilu ya ɗaga yatsa.

"Kai, ka rage! Ai wallahi ina barcin."

Kawu ya rufe ido a tsaye, ya langaɓar da kai, hawaye na bin gemunsa.

"Yawwa," in ji tsohon. "Na yafe."

Yanzu duk biyun sun riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka makwancinsu, Ya haɗa su a inda ba a sallamar kowa.

Ina wannan addu'ar a bakin famfo Hafsa ta ja zanena. "Umma, in Kawu ya je ƙofar Aljanna, Malam Ilu ne zai buɗe masa, ko?"