Wa'adin Hoton Ƙaninsa

A ofishin masu gina shafukan intanet, ina jira a duba min nawa, idona na kan wani ma'aikaci. Rigarsa ba guga, shayinsa ya huce.

Sakatariya ta raɗa min cewa ƙaninsa, abokin aikinsu, ya rasu. An cire sunansa daga rumbun bayanai. Hotonsa da ke shafin ma'aikata tsohon kwafi ne da na'ura ta ajiye, da wa'adinsa ya cika zai ɓace.

Manaja ya leƙo wurin ma'aikacin. "Malam, share ajiyar tsofaffin kwafin nan mana, shafin ya ƙi sabuntuwa."

"To, yallaɓai."

Bai share ba, ƙara wa'adin ya yi. Ina jin da can babur ɗaya suke hawowa shi da ƙanin nasa, don hular kwano biyu ce a ƙarƙashin teburinsa.