Yadda Fusae Ta Kashe Nabeshima Sau Arba'in

Shekara ashirin da shida ke nan bango ɗaya ya raba ni da Fusae a unguwar Nakano, bangon kuwa ko atishawa ta yi sai na ji. Sana'arta ba 'yan katun da na wasan kwamfuta murya. Kada ku ɗauka ta yi suna. Ita ce tsohuwa mai wucewa, ita ce dodon da ake sara ya faɗi. Kullum da hantsi ina shanya, sai in ji tana gwajin mutuwa.

Nakan buga bango in ce, "Fusae, yau wuta ce ko mashi?"

"Je ki duba girkinki, uwar sa ido!"

Abin da ya karya ta ya faru tana 'yar shekara ashirin da biyu. A ɗakin ɗaukar murya makirfo huɗu ne, mutum goma sha biyar. In layinka ya zo ka matsa ka faɗa, ka janye a hankali wani ya shiga. Ranar aka ba ta layinta na farko, jimla ɗaya tak: "Ranka ya daɗe, ga shayi kafin ya huce." Nabeshima, babban jarumi a lokacin, ya gama nasa ya ƙi matsawa, wai ba ta sunkuya sosai ba da ta gaishe shi da safe. Sauran makirfo ukun duk da mutane. Hoto ya wuce, bakin yarinyar katun na motsi babu murya. Aka ba wata layin.

Ya juyo ya ce, "Muryarki ta hayaniyar kasuwa ce. Koma baya."

Ta koma bayan, amma ta manna takardar layin a jikin firij. Duk sanda na shiga aron gishiri sai na tsokane ta, "Shayin nan har yanzu bai huce ba?"

Ta ƙware a ihu da kakari har wani kamfanin wasa ya ɗora ta a kan masu murya, ita ke cewa ya yi ko a sake. Nabeshima kuwa tsufa ya sauke shi. Bara aka kira shi ya yi muryar mai gadin ƙofa: layi biyu, sai ihun mutuwa. A hannun wa? Fusae.

Ta shigo min da yamma tana ta washe baki.

Ta ce, "Na sunkuya har goshina ya kusa taɓa gwiwa. Na ce masa, babban yaya, yau makirfon naka ne kai kaɗai, ba mai jiran ka matsa."

"Muguwa! Sai me?"

"Na ce ya yi mutuwar takobi. Ya yi. Na ce wannan ai miƙa ce, a sake. Sai faɗowa daga bene, sai nutsewa, sai wuta. Sau arba'in. Muryar ta koma ta tsohon zakara."

"Bai gane ki ba?"

"Sai da yana share gumi ya ce, 'Mun taɓa haɗuwa ne?' Na zuba shayi na kai masa, na ture shi gefe, na tsaya a gaban makirfon na faɗi layina. Sai a lokacin ya gane ni."

"To a cikin arba'in ɗin wacce kika zaɓa?"

"Ta farkon mana. Ita ta fi kyau."

Washegari na shiga aron gishiri, firij fes, babu takarda.