Makarantar Zanen Baba Layi

Ba don ya fi kowa daɗewa a layinsu ake ce masa Baba Layi ba, bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ƙuruciyarsa kaf a rubutun allunan shaguna ya ƙarar da ita. Shi ne mai rubuta sunan kanti, shi ne mai zana kan mutum a ƙofar mai aski. Hannu kam yana da shi, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma duk wanda ya taɓa koyon aiki a wurinsa magana ɗaya ya kwasa: kada ka fita layi. Ba ya zagi, ba ya duka. In ka kawo aiki sai ya sunkuyar da kai ya dube shi ta saman tabarau, ya kife allon a ƙasa, ya ce, "Sake. Ni ba na zama da wanda bai iya ba." Da wannan ya kori masu koyo ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari babu mai riƙe masa tsani.

Da injinan buga hoto suka shigo, masu shaguna suka koma can, sai ya ce shi dama ya gaji, ba zai haɗa kafaɗa da ragwaye ba. Ƙarya yake. Hannunsa na dama ne ya soma rawa, shi ya sa kullum yake cikin aljihu, kai ka ce wani abin arziki yake tsaro a ciki. 'Ya'yansa ma ba su tsira ba, don tun suna firamare yake kife musu littafin zane, yanzu kuwa gaisuwar tsaye suke masa su wuce.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya mai ganinsa ta sheƙo da gudu: jikarsa, 'yar shekara uku, wadda ake kira Ƙyalƙyal saboda ko tari ka yi sai ta ƙyalƙyale da dariya. Uwarta, autarsa, tana aiki a kantin magani, kullum da safe takan ajiye masa ita. Yarinyar ta hau kafaɗarsa, ta cire masa tabarau, ta ja masa kunne, shi kuwa baki har kunne. Yana sonta, so na gaskiya, kuma ya san in ta daina zuwa gidan nan babu mai sake kiransa da murna.

Wata safiya Auta ta zo da leda: fentin yara mai wankuwa da ruwa, guntayen soso, murafen kwalba, da tarin kwali.

"Baba, a bar ta ta yi wasa da su," in ji ta. "Ta tsoma hannu ta manna a kwali, ta dangwala soso, shi ke nan. Wasa ne kawai."

"A gidana?" in ji Baba Layi. "Jikata ta tsoma hannu a fenti kamar mai kwaɓa siminti? Je ki aikinki, na san abin da zan yi."

Ai kuwa ya sani. Kafin Auta ta kai bakin titi Ƙyalƙyal ta riga ta tsoma tafinta a shuɗi ta manna, tana tsalle. Ya kama hannun ya kai famfo ya wanke tas, ya ce, "Wannan ba zane ba ne, ƙazanta ce." Soso da murafe ya watsa su kwandon shara. Sannan ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya ɗauko rula, ya kifa kofi a kan kwali ya zagaye bakinsa da fensir, don ya san hannun ba zai iya da'ira shi kaɗai ba. Ya miƙa mata buroshi ya ce ta cika ciki, kada ta fita layi. Yarinyar da har yanzu takalmin dama take sa wa ƙafar hagu, ita ce za a koya wa aikin allo. Tsoho da furfura ya rasa inda zai nuna gwaninta sai a kan mai shekara uku.

Ranar farko ta lafta kore ciki da waje, ta ɗaga tana cewa, "Kaka, ga ka nan." Ya duba ta saman tabarau, ya kife kwalin, ya faɗi maganarsa ta kullum. Ta kwashe da dariya, ta ɗauka sabon wasa ne. Da abin ya yi ta maimaituwa sai dariyar ta soma ja baya. Ta koma in ta riƙe buroshi fuskarsa take kallo, ba kwalin ba. Shi kuma gogan naka ya ce hankali ne ya fara shigarta, har yana faɗa wa mai shagon kusa cewa jini ba ya ɓuya.

Auta ce ta tare shi wata ranar a bakin ƙofa. "Baba, yarinyar nan ta daina zane a gida. Na ba ta fensir, ta ɓoye hannu a baya ta ce ba ta iya ba. Wa ya koya mata wannan kalmar? In haka za a ci gaba, gidan reno zan kai ta."

"Ke za ki koya mini tarbiyya?" ya ce. Amma ya tsorata ƙwarai.

Ya shiga tunanin yadda zai dawo da dariyar. Maimakon ya tono soson nan daga shara, sai girman kai ya raɗa masa cewa abin da yarinyar ta rasa shi ne ganin aikin gwani. Washegari ya zaunar da ita ya ce, "Faɗi abin da kike so, kakanki ya zana miki."

Ta ce, "Kyanwa."

Ya zagaye kofi ya yi kai. Ya zaro hannun daga aljihu, ya tsoma buroshi a ja. Rabonsa da haka tun kafin a haife ta. Kunnen farko ya karkace, na biyu ya tafi abinsa, jan fentin ya tsallake da'irar ya gangara har gefen kwali. Gumi ya karyo masa. Shi kansa ya san ko ɓera ba zai gudu don wannan kyanwar ba. Duk da haka ya miƙa mata, zuciyarsa na roƙon ta yi dariya, ko da shi za ta yi wa.

Ƙyalƙyal ta karɓa da hannu biyu. Ta sunkuyar da kai, ta ɗago ido ta saman tabarau ɗin da ba ta da shi, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta kife kwalin a tabarma.

"Ka fita layi," ta ce. "Sake. Ni ba na zama da wanda bai iya ba."

Ta tashi ta zura takalmanta a juye, ta je bakin ƙofa ta zauna tana jiran uwarta, alhali ko hantsi bai yi ba.

Baba Layi ya dubi hannunsa yana rawa a kan gwiwa. Ya jawo robar shuɗin fenti, ya tsoma tafinsa gaba ɗaya, ya danna a sabon kwali. Yatsu biyar suka fito raɗau, babu alamar rawa ko kaɗan. Ya ɗaga kwalin, ya ce, "Ƙyalƙyal, zo ki ga abin da na yi. Zo ki sa naki kusa da nawa."

Ta waiwayo ta duba daga inda take.

"Ƙazanta ce," ta ce, ta mayar da fuskarta titi.