Malam Hilarión, Wanda Ya Ƙi Rubuta Min Takarda

Kullum da hantsi za ka ga Malam Hilarión Ticona ya gangaro kasuwarmu, allo a hammata, alli a aljihu. Shekara talatin da ɗaya yana zama a tsakanin buhunan dankali yana koya mana, mu matan ƙabilar Aymara, Sifaniyanci, harshen ofis. Yanzu ido ya gaza, ƙarshen wata zai ajiye aiki, kuma ba wanda ya tashi ya ce masa sannu. To ni Basilia Apaza na tashi.

Da mijina ya rasu, kwamitin rabon ruwan gona ya sa na dangwala yatsa a wata takarda. Ashe ranar ban-ruwana na sallama wa ƙanin mijin nawa. Wakena ya bushe ina ji ina gani. Na je wa Malam ina huci.

"Rubuta musu, ka zage su tas!"

"Ba zan rubuta ba, Inna. Wani ya rubuta kika dangwala, kin ga inda ya kai ki. Da bakinki za ki faɗa."

"Amma kai mugu ne, da fuska kamar dankalin da sanyi ya daka."

"Na ji. Zauna."

Wata huɗu muna fama da Sifaniyanci. Kalmar mayarwa, devolver, in za ka nemi a yi maka abu, sai cikinta ya juye ta koma devuelvan. Na ce wannan kalma ai 'yar kwamiti ce, ba ta tsayawa a magana ɗaya. Remigia mai cuku shaida ce, rana guda ya maimaita min ita ya fi sau arba'in bai ɗaga murya ba. Ni ce mai ɗagawa.

A wurinmu, macen da mijinta ya mutu namiji ke magana a madadinta. Ranar taro na miƙe. Magatakarda ya ce, "Inna, wa zai fassara miki?" Na ce masa da harshensa: ina neman ku mayar min da ruwana. Sai kallon-kallo.

Ba su mayar ba tukuna, wai sai zama na gaba. Amma ƙarata ta shiga littafi da sunana, kuma sai da na karanta na sa hannu.

Malam, kai ne mai haƙurin dutse. Ka sha zagina, ka ba ni baki. Na gode, Allah Ya saka maka. Ku masu ilimi, ku sauko kasuwa ku zauna a kan buhu yadda ya zauna.

Ku kuma 'yan kwamiti, wakena na jiran ruwa. Mu haɗu ranar zama.