Saudat Mai Ɗaukar Wayar Mata

Hajiya Saudat Abdulwasi'u ce ta ɗauki wayar mata a tashar Darbul Huda, tun ranar da aka buɗe ta har ranar da aka rufe. Ba a taɓa nuna fuskarta ba, ba a taɓa ambaton sunanta ba. Yau zan ambata.

Darbul Huda tashar talabijin ce da wani attajiri ya kafa a nan Makka. Tasha ce mai tsauri. Babu kiɗa, babu wasan kwaikwayo, ba a nuna mace, ba a sa muryarta. Da farko karatu ne da wa'azi da koyar da aikin Hajji, kuma ta amfani jama'a. Tana da shirin fatawa da Hausa, saboda alhazai da kuma mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan da ƙafa. To da yake ba a sa muryar mace, sai aka ware wani ɗan ɗaki a bayan ginin, mai ƙofarsa daban. Aka ajiye waya, aka ajiye Saudat.

Kullum bayan Azahar takan taso daga unguwar Rusaifa da fulas ɗin shayinta, ta shiga ta ja ƙofa. Mace ta bugo ta faɗi damuwarta. Saudat ta saurara, ta gyara tambayar, ta faɗa wa Mukhtaru mai kula da sauti, shi kuma ya miƙa wa malam. A gyaran nan aikin yake. Hausawan Makka sun san juna kamar 'yan gida ɗaya. Da za a ce matar mai tsiren bakin masallaci ce ke tambaya, kafin Magariba zancen ya gama unguwa. Sai Saudat ta cire unguwa, ta cire sana'ar miji, ta cire duk wata alama, ta bar "wata baiwar Allah tana tambaya". Muryoyin kuwa ta san yawancinsu. Maƙwabtanta ne, surukan 'yan'uwanta ne. Washegari su haɗu a gidan suna, su gaisa, su ci shinkafa a faranti ɗaya, ko a idonta ba a gani.

Mukhtaru yana raye, a tambaye shi. Wata rana wani mutum ya zo ƙofar ɗakin yana huci, wai tambayar da aka karanta jiya ta matarsa ce, sai an gaya masa gaskiya.

Daga bayan ƙofa Saudat ta ce, "Malam, kana zaton kai kaɗai ne mijin da ba ya tashi Asuba? In zancen ya taɓa ka, ka riƙa tashi, shi ke nan."

Mutumin ya juya. Matarsa ta kwana lafiya a ɗakinta.

Daga baya tashar ta sauya. Aka kawo sabon shugaba mai suna Hatim, ya karkatar da ita ɓangare guda. Wa'azi ya koma sukar masu Maulidi da 'yan ɗariƙa. Labarai suka koma yabon wannan jam'iyya ta ƙasashen waje da tsine wa waccan. Hatim ya so a ji zafin nan yana fitowa daga bakin mata. Ya aiko Mukhtaru ya ce a kawo tambaya wai mata suna bugowa da kuka, mazansu sun faɗa bidi'a.

Saudat ta ce, "Gaya masa babu wadda ta tambayi wannan. Na yau a kan jinin haihuwa ne da gadon marayu. In yana so, ga su."

Hatim ya cire tambayoyin mata daga shirin. Ita ba ta daina zuwa ba. Takan jira a gama shirin, ta aika wa malam tambayoyin, matan su sake bugowa su karɓi amsa. Masu kallo suka yi ta raguwa, attajirin ya janye hannunsa, aka rufe tashar. Hatim ya kama gabansa.

Ke ce rijiya mai murfi, Saudat. Ke kika ji abin da mace ba ta iya gaya wa uwarta, kika tashi da shi, kika kwana da shi, ba ki sauke wa kowa ba. Aure nawa ne ke tsaye a Rusaifa da Aziziyya saboda kin iya bakinki? Ke kaɗai kika sani, kuma haka ya kamata. Mun gode. Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na bayinSa. Ku kuma masu aikin asibiti da ofis, da ku masu yawo da waya a hannu, duk wanda aka gaya masa magana don an yarda da shi, ya dubi matar nan.

Kada a zaci da aka rufe tashar aikinta ya ƙare. A watan Sha'aban da ya wuce, ɗan ƙanwarta Majid ya zo gidanta, Mukhtaru yana wurin. Majid yana da shiri a intanet, inda samari ke tono tsofaffin tashoshi suna dariya.

Ya kira ta yadda ake kiran 'yar'uwar uwa da Larabci, ya ce, "Ya Khala, sun ɓoye ki a ɗakin baya kamar tsintsiya. Yanzu lokacinki ne. Ki zo ki ba da labari."

"Labarin Hatim? Faɗi abin da ya yi, ni shaida ce."

"Wa ya damu da Hatim? Labarin matan ake so. Wallahi ba za mu kama suna ba."

"A Rusaifa? Kai da ko Hausa ba ta zauna a bakinka ba, kai za ka iya ɓoye mace a cikin zance?"

"Ai wasunsu sun rasu."

"'Ya'yansu suna nan."

Majid ya yi dariya, ya matso kusa. "Tayyib, na ji. Tsakanina da ke kawai. Mamata ta taɓa bugowa?"

Saudat ta cika masa kofin shayi, ta tura gabansa.

"Ba zan faɗa ba, Majid. Ba nata ba, ba na kowa ba."