Ƙafar Yaya

Shekarar da mai gonar da nake yi wa aiki a kusa da garin Gawu Babangida ya sayo babur mai taya huɗu, ni aka danƙa wa makulli. Mutumin da ya kawo shi daga Abuja ya yini yana koya mini. Da babban yatsa ake ba shi wuta, ba murɗawa ake yi ba. A gangare, ka karkata jikinka wajen tudu. Sai ya dafa gwiwata ya ce ko da wasa kada in sauke ƙafa ƙasa babur yana tafiya, tayar baya za ta haye ta.

Yayana ya fi shekara goma yana acaɓa a Suleja. Wata safiya ya zo gonar ɗaukar doya, ya zagaya babur ɗin yana dariya.

"Wannan ai keken yara ne. Kawo makulli."

"Yaya, bari in nuna maka tukuna."

"Kai za ka koya mini mashin? Wa ya koya maka keke?"

Shi ne ya koya mini. Na nuna masa wuta da birki, maganar ƙafa kuwa na haɗiye ta. Kunya na ji, ga ma'aikata suna kallonmu, kada a ce ƙane ya mayar da yayansa ɗalibi.

Ya tafi lafiya lau har bakin rafi. A nan babur ya ɗan karkata, shi kuma ya yi abin da kowane ɗan acaɓa zai yi, ya tokare da ƙafar hagu. Ƙarar da na ji kamar an karya ɗanyen rake. Har yau ina jin ta, wani lokaci ina tsakiyar salla.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, asibiti ma haka. Daga ƙarshe aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Yanzu man fetur yake sayarwa a kwalabe a bakin titin Bagama, can Suleja. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, don bai san akwai abin da na ɓoye ba, ni kuma na kasa faɗa. Duk wanda ya jajanta masa sai ya ce, "Taurin kaina ne. Ai ƙanena ya so ya nuna mini." Yana faɗa yana dubana, ni kuma sai in gyaɗa kai.