Motar da Kaka Ke Tatsa

Shekaranjiya na fito tsakar gida zan sha hantsi, sai na tarar da ɗana tsugune a gaban motarsa yana ta tsaki. Baƙin mai ne ya ɗiga a kan siminti, bai fi faɗin tafin hannu ba, amma yadda ya ɓata rai sai ka ce gobara aka yi. Ni kuwa da warin man ya bugi hancina, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ya ɗago ya dube ni, na san a ransa cewa ya yi tsufa ya fara taɓa ni. Bai san warin nan Haɗeja ya mayar da ni ba, zamanin Turawa, lokacin ban wuce a aike ni sayen gishiri ba.

Kakata ta wajen uba mutuniyar bakin kogi ce. A ƙauyensu, can cikin fadama, ba a shiga gidanta a fito hannu rabbana. Ko bandar kifi, ko ɗan tsakin shinkafa, ko goriba, sai ta danƙa maka wani abu. Da kakanmu ya rasu, ruwa kuma ya kawo wata shekara ya cinye gidan, sai Baba ya ɗauko ta ya kawo ta cikin gari, ya gina mata ɗaki kusa da ƙofar baya. Ci da sha ba ta rasa ba, sutura ma haka. Abin da ta rasa shi ne abin da za ta miƙa wa wani. Tun safe za ta shimfiɗa tabarmar kaba a bakin ƙofa ta zauna, ba mai yi mata sallama sai kaji. Ina tuna yadda take juya hannuwanta a kan cinya, kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba. Ko ni da nake yarinya abin yana ba ni tausayi.

Sai ku haɗa da wani abu da 'ya'yan yanzu ba su sani ba. Baba ɗan farinta ne, don haka akwai alkunya tsakaninsu. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa bango, ko kaza, ko ni, alhali yana tsaye a wurin kunnensa biyu. Shi ma in zai ba da amsa, ni yake ba wa. Wata kaza mai wake-wake da ke kiwo a ƙofar ɗakin Kaka ta sha jin asirin gidanmu fiye da liman.

Baba ya daɗe yana tuƙa wa wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa mai awon gyaɗa, mota a Malam Madori. Da Kwaran ya yi sabuwa, sai ya sayar masa da tsohuwar, wata kitika, irin wadda yanzu kuke ce wa a-kori-kura. Ba ta tashi sai an zura mata ƙarfe ta gaba an wana, in kuwa ta ga dama ta mayar da ƙarfen ta doki mai wanawa. Da ita Baba yake kwasar gyaɗa da banda zuwa tashar jirgin ƙasa, da ita muke ci. Ya fasa katanga ya yi mata rumfar zana dab da ɗakin Kaka.

Da farko Kaka ko kallonta ba ta yi. Ta ce wa kazar, abin da ke tari ba shi da huhu ba abin amincewa ba ne. Amma mai zaman banza ya fi kowa ido. Ta lura duk safiya in motar ta fita, akwai baƙin tabo a inda ta kwana. Ta kuma lura gara, wadda ta addabi unguwarmu da damina har takan ci tabarma mutum na kai, ta ci duk dirkokin rumfar ban da guda ɗaya da man ya malala gindinsa. Rannan sai ga wata tsohuwar tasa a ƙarƙashin mota.

Ta fara da shafa man da ya taru a ƙafafun gadonta. Daga nan ta ba maƙwabciya ta shafa wa gindin rumbu. Kafin a ankara labari ya zaga. Masuncin da ke bayan gidanmu ya zo ya karɓa ya shafe tsagar kwalekwalensa. Mai jakin da ke kawo mana itace ya karɓa ya shafa wa gyambon jakinsa, ya ce ƙuda ko kusa ba ya zuwa. Mata suka riƙa aiko da sakaina don ƙyauren da ke kuka. Kaka kuwa ta farfaɗo kamar shukar da ta sami ruwa. In an yi sallama sai ta ce, "Zauna, bari in ga abin da aka tatso yau." Ta ɗebo da murfin kwalba, ta zuba, ta ƙara gyara. Wanda ya zo karɓar mai ba ya tashi sai ya ba da labarin garinsu duka. Wani ya ajiye mata kifi, ita kuma ta miƙa wa na bayansa. Tabarma ɗaya ta daina isa.

Shi kuwa Baba hankalinsa ba a kwance yake ba. Mota tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya, direbobin tasha kuma sun gargaɗe shi cewa ranar da man ya ƙare masa a hanya injin zai ƙone, sai dai ya mayar da ita akurkin kaji. Wata safiya, ƙarshen damina, ya tsaya a bakin rumfa ya dube ni ya ce, "Ki gaya wa kakarki ta kawar da tasarta gobe. Zan toshe yoyon nan."

Kaka na zaune ko taku biyu babu tsakaninsu. Ta watsa wa kazar tsaki ta ce, "Ke 'yar nan, tunda kike kin taɓa jin an ɗinke nonon saniya?"

Kashegari unguwa ta hallara, wai an zo taya Baba aiki. Sai da na girma na gane babu mai son aikin ya yiwu a cikinsu ko ɗaya.

Baba ba shi da abin ɗaga mota, don haka ya haƙa rami ya turo ta kai, don ya sami wurin kwanciya. Ya manta a Haɗeja yake, kuma ƙarshen damina ne. Kafin ya gama tuɓe riga ruwa ya tsattsafo ya kwanta a ramin, har da wani kwaɗo da ya riga shi shiga. Haka ya shimfiɗa buhu ya kwanta rigingine a cikin laka, ba ka ganin komai sai ƙafafunsa. Shawara ta fara sauka a kan ƙafafun nan ta kowane gefe.

Mai jaki ya tsuguna ya ce, "Maigida, ni dai a ganina gumi take yi. Dabbar da ba ta gumi ita ce abin tsoro."

Masunci ya ce, "Jirgin da ba ya ɗan yoyo ai ba ya daɗewa. Katako ma numfashi yake so."

Daga ƙarƙashin mota Baba ya ce, "Wannan ƙarfe ne."

"To, balle ƙarfe," in ji masunci.

Ranar farko sabulu Baba ya liƙa a wurin, don ya ga direbobi suna toshe tankin fetur da shi. Da safe tasa ta dawo wurinta, ta cika har ta fi kullum, Kaka ta raba har da na sadaka. Ana nan sai muka ji abin mamaki, Kaka da kanta ta ba da shawara. Ta ce wa kazar, "A garinmu dai da ƙaro ake liƙe abu." Baba ya ji daɗi, ya ɗauka ta sauko. Ya sayo ƙaro ya jiƙa ya dama, ya laƙaba wa gindin injin. Ya je Malam Madori ya dawo, zafi ya narkar da ƙaron ya zama kamar maɗi. Da ya koma ramin zai duba, cinnaka sun riga shi yin sallama. Ban taɓa sanin Baba ya iya tsalle ba sai rannan. Ya fito yana kaɗe wando yana salati, mai jaki na bin sa yana taya shi duka, Kaka kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta sai rawa suke. Matar da ta girma a dajin ƙaro ba za a ce ba ta san me zafi ke yi masa ba.

Daga nan Baba ya daina sauraron kowa. Ya wanke gindin injin da kananzir ya kwanta ya zuba ido, har ya ga inda ɗigon ke fitowa, wato wajen notin da ake kwancewa a juye mai. Ya sa sifana ya kwance. Ya tara kwano, amma man bai bi ta kwanon ba, ya bi ta hannunsa ya gangara har hammata, saura ya sauka a gemu. Ya fito baƙi ƙirin, idanu kawai ke haske, yana riƙe da wani ɗan zobe da ya cinye ya tsage. Shi ne washan da ke hana man fita. Babu inda za a sami irinsa sai Kano. Baba ya dubi hagu ya dubi dama, ya tuɓe takalminsa na fata, ya yanko daidai zoben daga dunduniya, ya huda, ya sa, ya ɗaure noti tamau. Ɗan man da kwanon ya samu kuwa ya tace da tsumma ya mayar cikin injin, ko ɗigo bai bari ba.

Da safe tasa ta kwana a bushe. Kashegari ma haka. Baba ya riƙa taku a tsakar gida da takalmi mai ɓararriyar dunduniya kamar wanda ya ci yaƙi.

Mutane suka ɗan ci gaba da zuwa, sannan suka fara raguwa. Ba mugunta ba ce, kowa da abin da ke gabansa. Masunci ya koma gaisuwa daga nesa. Tabarma ta biyu aka naɗe ta. Amma Kaka ba ta fasa tura tasar nan ƙarƙashin mota ba, da safe ta jawo, ta leƙa, ta goge ta da gefen zane. Wata safiya Baba ya fito da ƙarfen wana mota a hannu, sai ga wata tsohuwa ta shigo da sakaina. Kaka ta dubi tasar a kan cinyarta ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, ta ƙafe." Tsohuwar ta juya. Kaka ba ta yi habaici ba, ko kazar ba ta kula ba. Baba ya daɗe a tsaye kafin ya wana motar.

Ba a yi mako ba sai muka ji muryar Kaka tun da sassafe, yadda har maƙwabta za su ji. "Ke 'yar nan, zo ki gani! Wasu dai sun ce sun iya gyara!" Tasa ta yi baƙi. Kafin hantsi an shimfiɗa tabarma biyu, mai jaki yana cewa ai shi ya faɗa tun farko, gumi ba ya tosuwa.

Ni na ga abin da ya faru ne wata rana da na bi ɗan tsako ƙarƙashin motar. Noti na nan a bushe ƙayau. Amma a gefensa, an ɗaure wani gwangwanin madara da waya, an huda gindinsa da ƙusa. Duk yamma in Baba ya dawo, sai ya kwanta wai yana duba lafiyar mota, ya cika shi da tsohon man da yake roƙa a wurin direbobin tasha. Da na fito muka haɗa ido, sai ya ce, "Abin da ke ƙarƙashin mota, na mota ne." Na ɗauki tsakona na wuce.

Shekaru Baba ya yi yana shan tsiya a kan yoyon nan. A unguwa in abu ya ƙi gyaruwa sai a ce an yi masa gyaran mai kitika. Mutum ne mai son a yaba aikin hannunsa, na san abin yana ci masa rai, amma bai taɓa buɗe baki ba.

Dab da samun mulkin kai Kaka ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata rana da la'asar Baba na tsugune a bakin ƙofarta, ina yi mata fifita, sai ta juyo da kai wajena. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ki gaya wa mai motar nan," ta ce, "gwangwaninsa ya yi tsatsa, hujin ya faɗaɗa. Kafin asalatu ya gama zuba, ƙura na faɗawa ciki. Ya sake wani." Ta numfasa. "Ki ce masa kuma Allah ya yi masa albarka."

Ban kai ga isar da saƙon ba, Baba ya riga ya ji. Ya sunkuyar da kai, na ga hawaye na bin gemun nan da mai ya taɓa wankewa.

Ɗana dai waya ya buga, bakanike ya zo ya gyara kafin azahar, aka zuba yashi a kan tabon aka share. Gidan nan katanga ce ta ko'ina, maƙwabcinmu ko muryarsa ban sani ba, babu mai shigowa da sakaina. Shi ma ɗan farina ne, amma sunansa nake kira gatsal, muna magana ido da ido, duk da haka ban iya gaya masa abin da ya ba ni dariya ba. Na waiga in faɗa wa kaza, sai na tuna gidan ko kaza babu.